Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, 1865 zuwa 1944

A cikin sarakunan ƙasar Hausa waɗanda zuwan Turawa ya riska, kaɗan ne aka yi ta maganarsu, da yabo da suka, kamar Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko. Mu mutanen ƙasar Daura, tun ba mu na Mai'aduwa da ke zaune bakin iyaka ba, ya kamata mu san labarinsa, gama a shekara ta 1934 aka gama Daura da Katsina cikin Lardi guda, kuma a garinsa aka ajiye makarantar Midil da yaran Lardin suka riƙa zuwa. Abin da ya sa muka zaɓi tarihinsa shi ne muna so mu duba halaye biyu waɗanda mutane kan ɗauka abu ɗaya ne. Na fari basira, watau saurin gane abin da ke gaban mutum. Na biyu tsinkaya, watau mutum ya iya sifanta wa zuciyarsa abin da bai zo ba tukuna, har ya yi masa tanadi. Masu basira suna da yawa ko cikin kasuwa. Masu tsinkaya ne ke da wuyar samu, kuma shugaba ya fi kowa bukatarta.

An haifi Muhammadu Dikko a shekara ta 1865. Basulluɓe ne, ɗan Durɓin Katsina Gidado. Sarautar Durɓi kuwa babba ce, domin Durɓi yana cikin manyan nan huɗu masu zaɓen Sarki, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka, kuma shi ke riƙe da ƙasar Mani, wadda ke tsakanin Katsina da Daura. Amma gidansu ba gidan sarautar Katsina ba ne. Tun da Malam Ummarun Dallaje ya karɓo tuta a wurin Shehu Usmanu, sarautar birni tana hannun Dallazawa, kuma ba wanda ya taɓa zaton za ta fita.

Dikko ya tashi kamar sauran 'ya'yan manya na zamaninsa. Ya yi karatun allo, ya koyi hawan doki da riƙon mashi, ya zauna gaban ubansa yana jin yadda ake sasanta mutane. Bai taɓa shiga makarantar boko ba, don babu ita a lokacin. Zamanin nan kuwa na tsoro ne a arewacin ƙasar. Haɓen Katsina da jihadi ya kora sun kafa Maraɗi, suna kawo hari kusan kowane rani, ga kuma Damagaram tana matsa wa ƙasashen Daura daga arewa. Mutum ya kan yi noma da kwarinsa rataye, da magariba a shige ganuwa a ja ƙyaure. Cikin wannan hali aka naɗa shi Durɓi a shekara ta 1887, yana ɗan shekara 22. Ya yi shekara 16 yana tsaron wannan gefe kafin ya sa Bature a idonsa.

A shekara ta 1903 Kano ta faɗi cikin watan Fabrairu, Sakkwato ta faɗi cikin Maris. Daga can Gwamna Lugga ya juyo ya nufo Katsina. Sarkin Katsina Abubakar da majalisarsa suka ga babu amfanin faɗa, aka fita aka tarye shi, ya shiga gari ba a harba ko kibiya ba. Da Turawa suka kafa barikinsu a bayan gari, sai suka bukaci wanda zai riƙa kawo musu hatsi da ciyawar dawaki da masu ɗaukar kaya da magina. Aikin nan na wahala ne, kuma yawancin manya suna ƙyamarsa, suna ganin baƙin nan iska ce, in ta kaɗa za ta wuce. Aka ɗora wa Durɓi aikin.

A nan basirarsa ta fara bayyana. Mutum ne da ya san yaƙi, ya san kuma abin da ya faru ga ganuwar Kano, wadda ta fi ta kowa, da aka sa mata igwa. Ya duba yadda suke gini, yadda suke ƙirga kaya suna rubutawa, yadda suke auna hanya, sai ya gane mai irin wannan shiri ba kwana biyu ya zo yi ba. Saboda haka ya riƙe aikin da hannu biyu. Abin da aka ce a kawo ran kaza, ran nan ake kawo shi, ba ragi. Yana nan kuma yana nazarin halinsu, abin da suke so da abin da ba su so.

Tsakanin Sarki Abubakar da Turawa kuwa ba a daɗe ba aka ɓata. Suka tuɓe shi, suka naɗa Yero, shi ma Badallaje. A farkon 1906 aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, hankalin Turawa ya tashi ƙwarai, suka shiga zargin duk wanda ba su tabbata da shi ba. Kafin shekarar ta ƙare suka tuɓe Yero. Baturen da ke Katsina, Mista Palmer, ya tsaya a kan Durɓi za a ba, aka kuwa ba shi a ƙarshen 1906, aka miƙa masa sanda a farkon 1907. Abin mamaki, a cikin waɗannan 'yan shekaru ne aka yi akasin haka a Daura, inda aka mayar da sarauta ga tsohon gidan Haɓe, aka ɗauko Malam Musa daga Zango. A Daura an mayar wa mai abu abinsa, a Katsina an karɓe daga masu shi an ba baƙon gida. Kuma daga 1906 zuwa 1908 ne masu awo na Ingila da Faransa suka bi suna kafa turakun iyaka, har Mai'aduwa ta wayi gari da rabin abokan cinikinta a wata ƙasa.

To, da a nan labarin ya tsaya, da ba mu rubuta shi ba. Wanda ya gane inda ƙarfi yake ya raɓa da shi ya sami sarauta, ya yi dabara, amma irinsa suna da yawa a kowane zamani, kuma da an binne su ake mance su. Abin da ya bambanta Dikko shi ne abin da ya yi da sarautar cikin shekara 37 da ya yi a kanta.

Abu na farko shi ne baitulmali. A da, abin da aka tara na kuɗin ƙasa da jangali yana bi ta hannun dagatai da jakadu da hakimai, kowa ya ɗebi rabonsa, saura ya isa fada ya zama na Sarki, ya ba wanda ya so. A farkon sarautar Dikko aka soma sabon shiri a Katsina, tun kafin sauran manyan garuruwa su ɗauka. Aka ware wa kuɗin ƙasa ɗaki da ma'aji da littafi. Gwamnati ta ɗauki rabonta, saura ya shiga baitulmali, a yanka wa Sarki albashi, a yanka wa hakimai da alƙalai da malamai nasu, abin da ya rage a yi hanya da rijiya da makaranta. Shawarar Palmer ce, amma sai da Sarki ya yarda ta zauna. Ku duba fa abin da ya bari. Sarki ne da ya tashi a zamanin da ake auna girman mai mulki da yawan kyautarsa, ya yarda a ƙirga masa abin da zai ci. Ya hango cewa sarautar da ba ta da asali, in tana son daɗewa, sai ta tsaya bisa tsari da aiki da mutane za su gani da idonsu.

Abu na biyu shi ne Kwaleji. Da Gwamnati ta yi nufin kafa makarantar horon malamai don dukan Arewa, sai aka zaɓi Katsina. Garin yana da tsohon suna wajen ilmi tun zamanin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, ga hasumiyar Gobarau tana shaida. Amma tsohon suna kaɗai bai isa ba, ana bukatar Sarkin da ba zai ɗauki abin a kan masifa ba, alhali a wurare da yawa iyaye na ɓoye 'ya'yansu kada a kai su boko. Aka soma karatu a 1921, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta a watan Maris 1922. Ɗalibai kan yi shekara 5 suna koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa. A cikin ɗakunan nan na laka aka yi Kashim Ibrahim na Barno, da Aliyu Makaman Bida, da Ahmadu Rabah wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Imam, da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauci. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Turawa sun kafa ta don su sami malamai da ma'aikatan En'e. Da aka kai 1960, ɗalibanta ne suka karɓi mulki daga hannunsu.

Abu na uku shi ne tafiye-tafiyensa. Tun da can mai niyyar hajji daga ƙasarmu ya kan sallami iyalinsa sallamar da ba a sa ran dawowa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, shekara biyu ko biyar ko goma a hanya, wani ma can zai zauna. Saboda haka Sarki mai ci ba ya zuwa. A 1921 Dikko ya shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya shiga na ruwa ya bi ta Ingila, ya ga Sarki Joji na 5, sa'an nan ya wuce Jidda ya sauke farali, zamanin Sharif Husaini yana mulkin Makka, ya komo gida cikin 'yan watanni. Shi ne na fari cikin sarakunan Arewa da ya yi haka yana bisa gadonsa. Ya sake zuwa a 1933, bayan ƙasar ta koma hannun Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'udu. Ingila kuwa ya koma mata ba sau ɗaya ba, har ya hau jirgin sama tun mutanenmu suna jin labarinsa kamar tatsuniya. Gani ya kori ji. Wanda ya ga masaƙa da asibiti da gonar da ake noma da inji, ba ya komowa ya dubi garinsa da idon da ya tafi da shi.

Wajen 1930 ya yi abin da ya fi waɗannan duka wuya. Ya yarda aka buɗe wurin koyar da 'yan mata a cikin gidansa, ya fara da na gidansa da na manyan garinsa, domin ya san in bai sa nasa ba, ba wanda zai ba da tasa. A zamaninsa kuma aka gina asibiti a Katsina, aka soma yi wa shanu allurar bushiya, ciwon nan da ya share garkunan Filani wajen 1890. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar shanu ta kasuwar Mai'aduwa ya ga abin da ke shigowa, ya san darajar wannan allura ba sai an gaya masa ba.

Bai kuwa raina wasa ba. Ya lura yaƙi ya ƙare, ga barade da dawaki zaune ba aiki, kuma jarumin da ya rasa abin yi fitina ya kan nema. Sai ya rungumi wasan ƙwallon dawaki, wanda ake ce wa folo, da sukuwa, ya sa 'ya'yansa da 'ya'yan hakimai a ciki, har Katsinawa suka riƙa karawa da hafsoshin Turawa suna cinye su. Ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da ake kwatance da shi. Filin nan ne kaɗai wurin da Bahaushe zai ture Bature a gaban jama'a, a tashi a yi musafaha. Har wa yau, a garin nan da ya zama matattarar masu karatu, sa'ad da aka yi gasar rubuta labarai da Hausa a 1933, Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara na Kwaleji ya rubuta Ganɗoki. Sarki bai rubuta ko ɗaya ba, amma a inuwar da ya yi aka rubuta su.

Domin mu auna shi da kyau, ya kamata mu ɗaga ido mu dubi wani wanda ya shiga irin wannan matsi a wata ƙasa mai nisa. A shekarar da aka haifi Dikko, watau 1865, aka gama yaƙin basasa a Amurka, aka hana bauta. Cikin bayin da aka 'yanta akwai wani yaro ɗan shekara 9, sunansa Buka Washinton. Da ya girma ya ga fararen fata sun riƙe mulki da dukiya da shari'a, danginsa ba su da ko ɗaya. A 1881 ya buɗe makaranta a Taskigi, cikin ƙasar Alabama, da ɗalibai 30, su suka riƙa yin tubali suna gina ɗakunansu da hannunsu. Ya lallaɓi masu ƙarfi, ya karɓi kuɗinsu, ya ce wa mutanensa su fara neman sana'a da gona, su jinkirta faɗan neman daidaici. Ya yi suna har Shugaban Amurka ya kira shi cin abinci a fadarsa a 1901, kuma a shekarar nan ɗalibansa suka iso Togo don koyar da noman auduga. Amma a 1903, shekarar da Lugga ya shiga Katsina, wani masani baƙar fata mai suna Du Bois ya fito da littafi yana sukarsa, cewa ya sayar da mutuncin danginsa da araha. Washinton ya mutu a 1915, har yau 'yan Amurka ba su gama wannan gardama ba.

Mutanen nan biyu ba ɗaya suke ba, gama ɗaya an haife shi bawa, ɗaya an haife shi cikin sarauta da dawaki da bayi. Amma tambayar da zamani ya yi musu iri ɗaya ce: in an fi ka ƙarfi, me za ka karɓa, me za ka bari, kuma don wa? Dukansu sun sunkuyar da kai ga abin da ba su iya turewa, dukansu kuma sun zuba ƙarfinsu cikin makaranta, wadda amfaninta ba ya fitowa sai mai shukar ya tsufa ko ya mutu.

Ba mu ce Dikko ba shi da abin suka ba, tarihi kuwa ba kirari ba ne. Sarautar da ya hau ta wani gida ce, kuma baƙi ne suka ba shi. Sarki Abubakar da Yero an fitar da su daga ƙasar, Dallazawa suna da hakkin jin ciwon wannan. Da ya zauna, ya ɗora 'ya'yansa da mutanensa a kan gundumomi da dama, kamar yadda masu mulki kan yi. Haraji da aka rubuta cikin littafi ya fi na da wuyar kauce wa, talaka ya biya shi da kuɗin Turawa, ya kuma yi aikin hanya ba da son ransa ba. Makarantun nan ma, yaran da suka shiga 'yan kaɗan ne, yawancinsu 'ya'yan manya. Ɗan manomin Mai'aduwa ko na Mani ya daɗe bai ga ƙofarsu ba. Tsinkayarsa ta kai ga a sami malamai da ma'aikata masu ilmin zamani, amma maganar kowane yaro ya yi karatu, kowane talaka ya sami bakin magana, wannan sai waɗanda suka biyo baya suka ɗauko ta, irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Su ma kuwa Kwalejin nan ce ta yi su, ɗaya a Katsina, ɗaya bayan ta koma Kaduna.

Allah ya yi masa rasuwa a shekara ta 1944, yana da shekara kusan 79, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na 2. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sa'an nan jikansa Muhammadu Kabir har 2008, sa'an nan Abdulmumini ɗan Kabir. Malam Bello Kagara ya rubuta tarihinsa, aka buga a 1951. Tsofaffin ɗakunan Kwaleji an mai da su gidan adana kayan tarihi, babban filin wasa na Katsina kuma sunansa aka sa masa.

To, 'yan'uwa masu koyon aikin malanta, ga abin da muka tsinta. Basira ita ta kai Durɓi gadon sarauta cikin shekara 3, amma abin da ya rage bayansa duka 'ya'yan tsinkaya ne: baitulmali, da Kwaleji, da ajin 'yan mata, da hanyar Makka. Mu da muka yi allo muka yi boko mun san yadda ake gane yaro mai basira, shi ne mai saurin hadda, mai ɗaga hannu tun malami bai rufe baki ba, kuma shi muka saba yabo. Amma a kowane aji akwai wani a baya, wanda in an faɗi abu sai ya tambaya me zai faru in an yi shi wani iri, ko ina ruwan kogin nan ke zuwa, ko don me ba a yi kaza a garinsu. Sau da yawa tsawa ake yi masa don ya ɓata lokaci. In muka fita ƙauyuka da alli a hannu, mu yi haƙuri da wannan yaro, mu amsa masa gwargwadon saninmu, mu kuma koya masa ya tambayi kansa wa zai amfana da abin da ya hango, shi kaɗai ko jama'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan waɗanda suka riga shi bisa gadon, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da za a damƙa mana, amin.